Ciwon nan na kwana a gida ne, ko na tafiya asibiti yanzu-yanzu?

Kusan kowa ya taɓa yi wa kansa wannan tambayar, kuma galibi da tsakar dare take zuwa, yaro jikinsa ya yi zafi rau, ko wani babba a gida ya dafe ƙirji yana cewa "ba komai fa, iska ce ta tokare ni." Sai a tsaya ana kallon-kallo, wannan ya ce a bari gari ya waye, wancan ya ce a ba shi farasitamol mu gani. Yawancin lokuta barin gari ya waye ɗin babu laifi, don mafi yawan ciwon kai da zazzaɓi da murɗawar ciki da kansu suke wucewa. Damuwar tana wajen 'yan kaɗan ɗin da ba sa jiran asuba, kuma a farkonsu kamarsu ɗaya da sauran. Abin da ke raba su abu uku ne, yadda ciwon ya zo, abin da ya zo tare da shi, da kuma wanda ya kama. A kan waɗannan za mu bi abin daki-daki.

Mataki na farko: kalli mutumin kafin ka tambayi ciwon

Minti ɗaya ya isa. Yana numfashi daidai? Yana cikin hayyacinsa? Jini na zuba? Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya samu matsala to zance ya ƙare, ba sai ka karanta sauran ba, a nemi mota ko a kira lambar gaggawa ta inda kake, a ƙasashe da yawa 112 tana shiga a wayar salula.

Numfashi yana da gwaji mai sauƙi, ka sa shi magana. Wanda ba zai iya ƙarasa jimla ɗaya ba sai ya tsaya ya ja iska, wannan numfashinsa ya kai inda ba a zama da shi a gida. Ka duba launi kuma, amma in fatar mutum baƙa ce kada ka tsaya neman canji a kumatu ko hannu, ka ɗaga leɓe ka kalli cikinsa da dasashi da harshe, in sun yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi to iska ba ta isarsa. Mai asma da ya shaƙi inhelarsa sau da yawa kuma babu sauƙi shi ma nan yake, kuma in ƙarar fito da ƙirjinsa ke yi ta ɗauke alhali har yanzu yana wahala, kada ka ɗauka sauƙi ne ya samu, wani lokacin iskar ce ta daina wucewa.

Hayyaci kuma ba sai mutum ya suma ba. Ruɗewa, sambatu, kasa gane mutanen gida, barcin da in ka tashe shi ya buɗe ido ya sake komawa, duk ciki ne. Tsofaffi musamman, sau tari babbar cuta a jikinsu ba ta zuwa da zazzaɓi, da ruɗewa kawai take fara nunawa, sai a ce ai tsufa ne. Tsufa ba ya sauka a dare ɗaya. In jiya Baba lafiya lau yake hira yau kuma bai san ranar da ake ciki ba, a kai shi a duba.

Jini kuwa ka sa tsumma mai tsabta ka danne da ƙarfi minti 10 cur ba tare da kana ɗagawa kana leƙawa ba, in ya jiƙe ka ɗora wani a kai kada ka cire na farko. In yana tsartuwa ko ya ƙi tsayawa, ana dannewa ana tafiya. Haɓo shi ma, a zauna a sunkuyar da kai gaba, ba baya ba kamar yadda mutane suka saba, a matse gefen hanci mai taushi minti 10 zuwa 15, in ya ƙi tsayawa bayan an yi haka sau biyu sai asibiti.

Mataki na biyu: yaya ya fara, kuma ƙarfe nawa

Ciwon da ya lallaɓo a hankali cikin kwana biyu uku daban yake da wanda ya faɗo kamar saukar aradu. Duk abin da ya zo farat ɗaya kuma da ƙarfinsa, ka ji tsoronsa. Sannan ka duba agogo ka riƙe lokacin, ka rubuta a waya in ya kama, don akwai magungunan da lokaci ke yanke hukuncin ko za a iya bayar da su ko a'a.

Babban misali shi ne shanyewar ɓarin jiki, kuma a nan zan ɗan daɗe don na gani da idona. Wani kawuna muna zaune da shi da yamma yana shan ruwa, sai muka ga ruwan na zubowa ta gefen bakinsa, kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama, da ya zo yin magana sai ta fito kamar ta mai maye. Bayan kamar minti 20 komai ya dawo daidai, har yana yi mana dariya wai mun cika tsoro. Muka bar shi. Kwana biyu tsakani abin ya dawo kuma wannan karon bai tafi ba. Daga baya muka gane cewa na farkon gargaɗi ne, jini ya toshe a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci ya sake, kuma ranar ce ya kamata a ce mun kai shi. Har yau in na tuna dariyar nan tasa sai raina ya ɓaci da kaina.

Gwajin ba wuya. Ka ce ya yi murmushi, ka ga ko gefe ɗaya na fuska ya zube. Ka ce ya ɗaga hannu biyu ya riƙe, ka ga ko ɗaya na sauka da kansa. Ka ce ya maimaita wata 'yar jimla. In ɗaya kacal ya gaza, a tafi, ko da ya warware a hanya a ci gaba da tafiya. Haka in gani ya ɗauke a ido ɗaya, ko jiri mai tsanani ya zo kwatsam har mutum ya kasa tsayuwa. Allurar da ke narkar da gudan jinin ana yin ta ne cikin awa 4 da rabi daga lokacin da abin ya fara, shi ya sa tambayar farko da likita zai yi maka ita ce yaushe rabon da a gan shi lafiya. Kada a ba shi ruwa ko abinci don haɗiya na iya samun matsala ya shaƙe, kada kuma a ba shi asfirin, domin wani shanyewar toshewa ce wani kuma jijiya ce ta fashe, ba a banbance su sai da hoton ƙwaƙwalwa, in fashewa ce asfirin ƙara zubar jinin zai yi.

Mataki na uku: waye mara lafiyar

Zazzaɓin da saurayi mai ƙarfi zai kwanta da shi kwana biyu ya miƙe, shi ne zai iya kayar da jariri cikin awanni. Akwai mutanen da ba a yi musu dogon jira: jariri ɗan ƙasa da wata 3, mai ciki da mai jego, tsoho, mai ciwon suga, mai sikila, mai ciwon zuciya ko ƙoda, wanda ake yi wa maganin ciwon daji, da wanda ke shan maganin tsinka jini irin su wafarin. In mara lafiyarka na cikin waɗannan, duk abin da ka karanta a ƙasa ka rage masa lokacin jira.

Mataki na huɗu: auna abin da za ka iya aunawa

Tafin hannu a goshi ba awo ba ne. Tamomita ƙaramar aba ce amma tana raba gardama, daga 38 zuwa sama shi ne zazzaɓi. Jariri ɗan ƙasa da wata 3 in ya kai 38 asibiti kai tsaye, ko da yana shan nono yana kallonka lafiya lau, haka in jikinsa ya yi sanyi ƙalau fiye da yadda aka saba ko ya ƙi kama nono.

Numfashin yaro ana ƙirga shi ne, ka ɗage riga lokacin da yake a natse ba yana kuka ba, ka ƙirga ɗagawar ƙirji na minti ɗaya cikakke. Ƙasa da wata 2, sau 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara 1, sau 50. Daga shekara 1 zuwa 5, sau 40. Waɗannan su ne alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da su wajen gano nimoniya, wato ciwon huhu, a yara. In kuma ka ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko hancinsa na buɗewa yana rufewa, ko yana gurnani, ba sai ka gama ƙirgar ba.

Mai na'urar BP, wato ta auna hawan jini, a gida ya san yadda lamba ke tayar da hankali. In ta nuna 180 bisa 120 ko sama kuma akwai ciwon ƙirji, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko numfashi na sarƙewa, wannan emajensi ne. In lambar ce kawai mutum kuma garau yake, ya zauna ya huta minti 5 a sake aunawa, in tana nan ya nemi likita a ranar, amma dan Allah kada ya ninka ƙwayoyinsa da kansa don ya sauko da ita da ƙarfin tsiya. 'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa mai auna oksijin ita ma tana taimakawa, ƙasa da 90 ba a zama, sai dai ka sani a fata mai duhu takan nuna lamba sama da gaskiya kaɗan, don haka in mutum na haki kada lamba mai kyau ta ruɗe ka. Suga ta cikin jini kuma in ta sauka ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, mutum na rawar jiki da gumi, a ba shi abu mai zaƙi ya sha a sake aunawa bayan minti 15, in kuwa ya fita hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a tafi.

Mataki na biyar: bi ciwon ɗaya bayan ɗaya

Ciwon ƙirji. Wanda ake tsoro yawanci ba suka yake yi kamar allura ba, nauyi ne, kamar an ɗora dutse ko an ɗaure ƙirjin da igiya, yana iya tafiya hannu ko kafaɗa ko muƙamuƙi ko baya, ga zufa mai sanyi, ga tashin zuciya. In ya wuce 'yan mintuna bai saki ba ko yana tafiya yana dawowa, a ɗauke shi a matsayin bugun zuciya har sai likita ya ce ba shi ba ne. Nan ne mutane ke cutar kansu da kalmar "olsa ce", saboda zafin kan tsaya a saman ciki. Mata da tsofaffi da masu suga wani lokacin ko ciwon ma ba sa ji sosai, sai dai kasala mai nauyi da haki da amai. Mutum ya zauna ya jingina, kada ya tuƙa kansa, in babba ne kuma asfirin ba ya yi masa illa kuma ba shi da matsalar zubar jini, zai iya tauna miligiram 300 kafin a isa. Akwai kuma wanda sharaɓarsa ɗaya ta kumbura tana ciwo, musamman bayan tiyata ko haihuwa ko doguwar tafiya a zaune, sai kuma numfashi ya fara yi masa wuya, wannan gudan jini ne mai yiwuwa ya tafi huhu, ba a yi masa tausa.

Ciwon kai. Wanda ka saba da shi, ka san yadda yake zuwa da yadda yake tafiya, ka sha magani ka kwanta. Wanda ba a kwana da shi shi ne wanda ya buga lokaci guda ya kai ƙarshen zafinsa cikin minti ɗaya, mutum ya ce tunda yake bai taɓa jin irinsa ba. Sai wanda ya zo da zazzaɓi da ƙagewar wuya har mutum ya kasa kai haɓarsa ƙirji, haske na damunsa, nan ana tunanin sanƙarau. Sai na bayan buguwa a kai, in ana ta amai ko barci na fizgar mutum ko wani ruwa garai-garai na fitowa ta hanci ko kunne. Mai shan maganin tsinka jini ko buguwar ba ta da yawa a duba shi, don jini na iya taruwa a hankali a cikin kai sai daga baya ya nuna.

Zazzaɓi. Tsayin lambar ba shi kaɗai ake kallo ba, yaro na iya kai 39 yana wasa yana shan ruwa, wani kuma 38 ce amma ya yi laushi kamar tsumma, na biyun ya fi ban tsoro. Abin da ke mayar da zazzaɓi na gaggawa shi ne ruɗewa, jijjiga, haki, amai da duk abin da aka ba shi, kasa sha, fitsari ya ɗauke ko ya yi duhu sosai, ido ya yi rawaya, hannu da ƙafa su yi sanyi alhali jiki da zafi, ko wasu ɗige-ɗigen ƙuraje da in ka danna gilashin kofi a kansu ba sa ɓacewa. A fata mai duhu ka neme su a tafin hannu da tafin ƙafa da cikin ido. Kuma dan Allah a daina yanke wa kowane zazzaɓi hukuncin maleriya ko taifot ba tare da gwaji ba, ana nan ana shan maganin abin da babu, ainihin cutar na can tana cin jiki. Farasitamol ɗin ma yana da iyaka, babba kada ya wuce giram 4 a awa 24, kuma magungunan mura da yawa akwai shi a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba. Wanda ya sha fiye da kima a kai shi ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, domin illar da yake yi wa hanta sai bayan kwanaki take bayyana, maganin karya shi kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko.

Ciwon ciki. Murɗawar da ke zuwa tana tafiya, in an zaga ko an yi gyatsa a ji sauƙi, wannan a ba shi lokaci. Wanda ya tsaya wuri ɗaya yana ƙaruwa, ciki ya yi tauri kamar katako, mutum ba ya son ko motsi, shi ne na tafiya. Afendis kan fara ne a wajen cibiya sannan ya gangara ƙasan ciki ta dama. Aman jini, ko amai mai kama da garin kofi, ko bayan gida baƙi mai danƙo kamar kwalta, alamar jini na zuba a ciki ne. Jariri in ya yi amai kore shar, a tafi. Mace da al'adarta ta yi jinkiri sai ga ciwon mara ta gefe ɗaya da jiri ko ciwo a kan kafaɗa, a yi tunanin ciki a wajen mahaifa ko da ita ba ta san tana da ciki ba. Akwai kuma wanda kunya ke sa a ɓoye, yaro ko saurayi ɗan marainansa ya kama ciwo mai tsanani kwatsam, yana iya zama murɗewa ya yi jini ya daina zuwa, kuma kusan awa 6 ake da su a cece shi. Iyaye maza ku riƙa tambaya kai tsaye, don shi "cikina" kawai zai ce.

Gudawa da amai. Abin da ke kisa a nan ƙarewar ruwan jiki ne, don haka ruwan gishiri da suga za a fara tun daga zawon farko, kaɗan-kaɗan a kai a kai, in ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. In babu na leda, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ana tafiya asibiti in ido ya faɗa, ko maɗigar jariri ta lotsa, ko yana kuka babu hawaye, ko an ja fatar ciki ta ƙi komawa da wuri, ko an yi kusan awa 8 babu fitsari, ko akwai jini a zawon, ko ba abin da ke zama a ciki.

Jijjiga da farfaɗiya. Ka kawar da abin da zai ji masa ciwo, ka sa abu mai taushi ƙarƙashin kai, ka duba agogo. Kada a danne shi, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, ba wanda ke haɗiye harshensa, haƙori kawai za a karya. In ta tsaya a juya shi ta gefe. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko wannan ne karo na farko, ko mai ciki ce, asibiti.

Mai ciki kuwa lissafinta daban ne. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani da ganin walƙiya-walƙiya, kumburin fuska da hannu lokaci guda, zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, BP ta kai 160 bisa 110, ko motsin ɗa ya ragu, babu wanda ake jiran ranar awo da shi. Bayan haihuwa ma, in jini na jiƙa auduga cikin awa ɗaya ko zazzaɓi ya sauka, a koma.

Sai borin jini bayan shan wani magani ko harbin ƙwaro, in ƙaiƙayi ne kawai a fata da sauƙi, amma in leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta canza, numfashi na fito, wannan mintuna ne, allurar adirenalin yake buƙata. Wanda kuma ya furta cewa zai kashe kansa, ko ka ga yana shirin hakan, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da makamai, a kai shi wajen likita a ranar.

Mataki na shida: in za a tafi, in kuma za a zauna

In za a tafi, a kwashi duk magungunan da yake sha da kwalayensu a leda ɗaya, har da na gargajiya, a faɗa wa likita gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Kada a tsaya wanka ko canza kaya ko jiran wani ya dawo ya ba da izini, a kira shi a hanya. Da an isa, ka fara da abu mafi muni a jimla ɗaya, "bakinta ya karkace tun ƙarfe 7", ko "ɗan wata 2 ne, zafin jikinsa 38.5". A sashen gaggawa ba layi ake bi ba, wanda ya fi hatsari ake fara gani, in ka fara da dogon tarihi tun daga makon jiya nas ɗin ba za ta gane da wuri ba. In kuna zaune kuna jira ka ga ya canza, ka tashi ka sake faɗa, ba rashin kunya ba ne.

In kuma ka duba duk na sama babu ko ɗaya, to a zauna a gida amma da sharaɗi. Ka sa wa kanka lokacin da za ka sake dubawa, misali duk bayan awa 2 ko 3, ka rubuta zafin jiki da abin da ya sha da sau nawa ya yi fitsari. Yaro mai zazzaɓi ka sa alam ka tashi cikin dare ka taɓa shi ka ga yana motsawa yana gane ka. Zazzaɓin da ya kai kwana 3 bai sauka ba, ko ciwon da ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi fiye da farko, na ganin likita ne ko da ba ta ƙofar emajensi ba. Uwa kuma in ta ce "yaron nan ba haka yake ba", ko da tamomita ba ta nuna komai ba, a ɗauki mayafi a tafi.